Zauren Tambaya: Makarantu Sun Watse, Garke Yana Jira

Wasiƙun da na ware domin wannan fitowa duk daga Sudan suka iso, kuma ko da yake marubutansu ba su san juna ba, damuwarsu ɗaya ce: an ɗora musu nauyin kiwon jama'a a daidai lokacin da makarantun horar da makiyaya suka watse. Mai karatu ya san cewa Hausawan Sudan, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa Gadarif da Kasala da Damazin, Musulmi ne tun kaka da kakanni, domin yawancinsu zuriyar mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu bin Almasihu da ke jin Hausa a can 'yan tsiraru ne, galibi waɗanda sana'a ko aure ko hidimar bishara ta ɗauko su daga Najeriya da Nijar da Chadi, suna kuma sujada tare da 'yan'uwansu mutanen Duwatsun Nuba da na sauran sassan ƙasar. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye saboda halin da ake ciki.

Tambaya, daga wani dattijon ikilisiya a Bur Sudan: Baba Malam, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni mai gyaran janareta ne, asalina daga kudancin Kaduna, na fi shekara ashirin a Bahri, gefen Khartum. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 muka gudu Madani, da ita ma ta faɗi a Disamba muka wuce Bur Sudan. Fastonmu ya tafi Masar da iyalinsa. Yanzu muna taruwa a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ba mu wuce mutum talatin ba, kuma ni ake kallo in yi wa'azi. Ban taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ɗan abin da na sani ya ƙare, har yara sun fara gane inda zan dosa tun ban buɗe baki ba. Shekaruna hamsin da huɗu. In ajiye aikin ne sai an turo fasto, ko in jira makarantu su buɗe in je in koya?

Amsa: Dattijo, sannu da ɗawainiya, sannu kuma da hijira har sau biyu, Ubangiji ya mayar muku da abin da kuka rasa. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ajiye aikin, kada kuma ka jira. Amma da yake tambayarka ta taɓo abin da ƙasar da kake zaune a cikinta ta taɓa gani, ka yi mini haƙuri in ɗan ja zancen.

Ba yau bishara ta taka ƙasar nan ba. Ma'ajin Kandakatu da Filibus ya tarar yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, a sura 8 ta Ayyukan Manzanni, masana sun nuna cewa daga daular Mero'e ya fito, wadda kufanta yake Bajarawiyya, arewa da Shandi, domin Kandakatu laƙabin sarauniyoyin wurin ne. Mutumin yana da littafi a hannu, ya kuma iya karatu, amma da aka tambaye shi ko yana fahimta sai ya amsa cewa ba zai iya ba sai wani ya bi da shi. A ƙarni na 6 kuma masarautun Nubiya uku suka karɓi bangaskiya: Nobatiya a arewa, Makuriya mai hedikwata a tsohuwar Dongola, da Alwa mai hedikwata a Soba, wadda a yau take gefen Khartum. Sun yi kusan shekara dubu suna gina majami'u, kuma da masu tonon tarihi daga Poland suka haƙa babbar majami'ar Faras tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, sun tarar da zane-zane da jerin sunayen bishop-bishop a jikin bango. Sai dai kuma naɗin waɗannan shugabanni daga Iskandariya yake fitowa, saboda haka da hanya ta toshe sai magada suka yanke. Wani limami ɗan Fotugal, Faransisko Albares, wanda ya zauna a fadar sarkin Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa mutum shida sun zo daga Nubiya suna roƙon a ba su limamai da za su koyar da su, aka sallame su hannu banza. Ban ce rashin malamai kaɗai ne ya kashe ikilisiyar Nubiya ba, domin rushewar sarauta da shigowar sababbin al'ummomi duk suna da hannu a ciki, amma duk sa'ad da na tuna mutanen nan shida suna komawa gida ba malami, sai in ji tsikar jikina ta tashi.

Ka gwada wannan da abin da ya faru a 1964, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kori 'yan mishan daga kudancin ƙasar. Mutane da yawa sun zaci ikilisiya ta mutu ke nan, amma katikis da masu bishara da dattawa irinka, waɗanda karatunsu bai taka kara ya karya ba, su suka riƙe ta a daji da sansanonin gudun hijira har ta yaɗu fiye da dā. Bambancin shi ne waɗannan sun ci gaba da koyo suna koyarwa a inda suke, yadda Bulus ya umarci Timoti a 2 Timoti 2:2, cewa abin da ya ji ya danƙa wa amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa waɗansu.

Akwai tsari da aka gina musamman domin mai hali irin naka. A 1963 wata makarantar tauhidi a ƙasar Guwatamala ta lura cewa masu zuwa zaman makaranta samari ne da ba su riƙe da kowace ikilisiya, alhali ainihin masu kiwon jama'a manoma ne da masu sana'a, masu iyali, waɗanda ba za su iya barin gida shekara uku ba. Sai malaman suka ɗauki makarantar suka kai musu har ƙauyukansu. Tsarin ya bazu a Afirka, har ikilisiyoyi da dama a Arewacin Najeriya sun yi aiki da shi cikin harshen Hausa. Ni nakan kwatanta shi da duwatsun murhu uku, waɗanda in aka janye ɗaya tukunya ta kife: karatu a gida kowace rana, aikata abin da aka karanta a cikin hidima, da haɗuwa da abokan karatu sau ɗaya a mako.

Ga yadda zan so ka fara tun wannan mako. Ka ɗauki Bisharar Markus, wadda take da surori 16, ka ba kowace sura mako guda, ka ga kana da abin wa'azi na wata huɗu ke nan. Kowace safiya kafin ka ɗauki jakar kayan aikinka ka karanta surar makon gaba ɗaya, minti talatin ya isa, da littafin rubutu a gefe, kana amsa tambayoyi uku: mene ne nassin ya faɗa, me yake nufi ga waɗanda suka fara jinsa, me kuma yake bukata daga mutanen da ke zama a rakubar nan. Kada ka tsallake ta biyun don ɗokin ta ukun, domin a nan yawancin masu wa'azi suke tuntuɓe. Dalilin da ya sa yara suka haddace wa'azinka shi ne kana komawa kan ayoyin da ka fi so, kuma duk wanda ya yi haka zai maimaita kansa, ko da digiri nawa gare shi. In kana bin littafi sura bayan sura, nassin ne zai zaɓa maka zance, zai kuma kai ka wuraren da da kanka ba za ka je ba.

Sa'an nan ka nemi mutum biyu ko uku, misali mai jan waƙa da matar da ke koyar da yara, ku riƙa zama ranar Juma'a tun da ranar hutu ce a Sudan, kowa ya kawo abin da ya rubuta. Ka ba su izinin gaya maka gaskiya game da wa'azin da ya wuce, ka kuma daure in sun faɗa. Fastonku da ke Masar bai daina zama fastonku ba, saboda haka ka riƙa tura masa saƙon murya ta WhatsApp da tambayoyin da suka gagare ku. Ka kuma sani cewa shugabannin ikilisiyoyi da dama sun koma Bur Sudan bayan barin Khartum, har da Babban Bishop Ezekiel Kondo na Ikilisiyar Episkofal, don haka ba ka da nisa da hukuma kamar yadda kake zato. Ka nemi shugabannin ɗarikarku, ka sanar da su taronku, ka roƙi izini a rubuce na yin wa'azi, ka kuma bar baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure ga wanda tsarin ikilisiyarku ya yarje wa. Wannan kariya ce gare ka da kuma jama'ar, domin taron da ba ya ƙarƙashin kowa yakan zama mallakar mai jagorantarsa tun bai ankara ba.

Abu na ƙarshe shi ne harshe. Na ɗauka da Hausa kake karatu, da Larabcin Sudan kake wa'azi, jama'a kuma suna riƙe da fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865. Ka ajiye fassarar biyu gefe da gefe, ka riƙa tsayawa duk inda kalmomi suka bambanta. Ga misali ɗaya: inda Hausa ta ce alheri, Larabci yakan ce ni'ima, amma kunnen Bahaushe in ya ji ni'ima sai ya tuna damina da wadata da inuwa mai sanyi, ba kyautar da Allah ya yi wa wanda bai cancanta ba. Wanda ya lura da irin wannan ya riga ya shiga karatun tauhidi ko da bai taka ƙofar makaranta ba. Batun shekaru kuwa, gemu ba ya hana ilimi. Maƙwabtanka Hausawa za su nuna maka dattawa masu furfura da har yau suke zuwa ɗaukar karatu a zauren malam.

Tambaya, daga wani Rabaran a Gadarif: Malam, na gama makarantar Littafi Mai Tsarki a Najeriya da difloma shekara goma sha takwas da suka wuce, tun daga nan ban sake zama a aji ba. An turo mini talla ta waya cewa wata makaranta a ƙetare tana ba da digirin dakta cikin wata shida ta intanet, in an biya 'yan ɗaruruwan daloli. Abokan karatuna a gida duk sun zama Dakta. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Rabaran, na gode da ka tambaya kafin ka biya. Ka riƙe kuɗinka, domin araha ba ta ado. Digirin dakta na gaskiya yana zuwa ne bayan digiri na farko da na biyu, yana kuma cin shekaru na bincike a ƙarƙashin malami da aka san sunansa da aikinsa. Makarantar da za ta ɗauke ka daga difloma ta kai ka ƙololuwa cikin wata shida takarda take sayarwa, kuma ranar da ka gabatar da takardar a gaban waɗanda suka san kan abin, kunyar za ta fi kuɗin ciwo.

Duk makarantar da ta yi maka tayi, ka tambaye ta wace hukuma ce ta tantance ta, sa'an nan ka duba jerin hukumar da kanka maimakon ka dogara da tambarin da ke kan talla. A Afirka akwai hukumar ACTEA, wadda aka kafa a 1976 domin tantance makarantun tauhidi, bisa hangen marigayi Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda ya rasu a 1975 bai ga kafuwarta ba. Ka tambayi su wane ne malaman, waɗanne littattafai za a karanta, wa zai duba rubutunka ya mayar maka da gyara, kuma shin akwai wanda ya taɓa faɗuwa. In ba a faɗuwa, ba a karatu.

Makarantun da masu hidima a Sudan suka saba dogara da su, irin su Kwalejin Tauhidi ta Nil a Bahri, da makarantar Shokai da Kwalejin Gidiyon a Umdurman, duk suna cikin yankin da yaƙi ya fi yi wa ɓarna, saboda haka sai ka tuntuɓi shugabannin ɗarikun da suka mallake su ka ji inda karatu ya koma. Idan Larabcinka ya nuna, makarantar tauhidi ta Injiliyya da ke Alkahira, wadda ta faro a 1863 a cikin jirgin ruwa a kan kogin Nil, da makarantar Baftis ta Larabawa da ke Beirut, wadda ta daɗe tana horar da 'yan Sudan, duka suna koyarwa ta intanet. A gida kuma akwai makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos da ta Kagoro. Ka rubuta wa wadda ka fito daga cikinta ka tambaya ko tana da karatun hutu ko na nesa. Amma ka tuna yadda layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin Sudan a Fabrairun 2024, ka zaɓi tsarin da zai ba ka damar sauke darussa ka karanta ba tare da intanet ba, kada ka ɗaure kanka da ajin da dole sai an shiga kai tsaye a sa'a ƙayyadaddiya.

Yanzu ka bar ni in yi maka tambayar da ba ka yi mini ba. Mene ne ikilisiyarka take bukata daga gare ka yau wanda ba a koya maka shekara goma sha takwas da suka wuce ba? Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, don haka ina kyautata zaton kana bukatar sanin yadda ake zama da mai makoki, da Larabci mai zurfi, da fahimtar addinin maƙwabtanka daga bakin malamansu domin zaman mutunci, da kuma riƙe littafin lissafi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, domin na ga masu hidima nagari da kayan agaji suka zubar musu da mutunci, ba don sun ci ba, sai don ba su rubuta ba. Kwas na wata uku a kan ɗaya daga cikin waɗannan ya fi maka laƙabin da za a riƙa kiranka da shi a wurin biki. Bulus yana kurkuku, yana ganin ƙarshensa ya kusa, amma a 2 Timoti 4:13 abin da ya roƙa a kawo masa shi ne alkyabbarsa da littattafai da fatun rubutu.

Tambaya, daga wata shugabar zumuntar mata a Kasala: Baba, duk taron bita da ake kira na fastoci da dattawa ne, mu sai dai a ce mu dafa abinci. Amma matan da suka gudo daga Khartum da Jazira wurina suke zuwa da dare, waɗansu an kashe mazansu, waɗansu an yi musu abin da baki ba ya iya faɗa. Ina karanta musu aya, in yi addu'a, amma ina jin ban san abin da nake yi ba.

Amsa: Mama, Allah ya saka miki, ya kuma ƙara miki ƙarfi. Koke-kokenki yana kan hanya, kuma ina fata shugabanni za su karanta shi. Afolos mutumin Iskandariya gwanin magana ne, masanin Littattafai, amma Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 18:26, Titus 2 kuma ya ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. Ko ɗarikar da ba ta naɗa mata ba ta da hujjar barin mai irin aikinki ba horo. Ki rubuta wa majalisar dattawa, ke da mata biyu ko uku, ku nemi a ware muku gurbi a bita ta gaba, ku kuma ambaci abin da kuke so a koya muku dalla-dalla. Ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki da waɗansu ƙungiyoyin agaji na ikilisiya suna horar da mutane kan warkar da raunin zuciya, sai ki roƙi fasto ya bincika muku.

Kafin wannan ya samu, ga abin da zan iya ba ki. Matar da ta zo da dare ba wa'azi ta zo nema ba, wurin da za ta sauke kaya take nema. Ki ba ta ruwa, ki zauna kusa da ita, ki bar ta ta faɗi iya abin da take so, kada ki tone ta da tambayoyi, kada kuma ki yi saurin cewa ta yi haƙuri ko ta gafarta, domin maganar gaskiya ce amma tana da lokacinta. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata. In za ki karanta, ki buɗe mata zaburar kuka, kamar ta 13 da ta 42, har da ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, domin ta ga cewa Allah ya bar wa irin kukanta wuri a cikin Littafinsa. Wadda aka ci zarafinta ki gaya mata a fili cewa laifin ba nata ba ne, ki kuma raka ta wurin ma'aikaciyar lafiya da wuri-wuri, domin akwai magungunan kariya da amfaninsu yake cikin kwana uku na farko. Wadda ta daina barci ko cin abinci, ko take zancen kashe kanta, kada ki riƙe ta ke kaɗai. Asirinsu kuma amana ne: kada ya fita ko da sunan neman addu'a, domin ta wannan ƙofa tsegumi ya fi shiga ikilisiya. Ke ma ki samu wata babbar mace da za ki riƙa sauke nauyin zuciyarki a wurinta, ba tare da ambaton suna ba.

Tambaya, daga wani fasto a Atbara: Malam, ina wa'azi, jama'a suna cewa sun amfana, amma ni a ciki na bushe ƙayau. Na fi wata shida ban yi addu'a don kaina ba sai ta hidima. Iyalina suna Najeriya. Ina jin kunyar faɗa wa kowa. Ko kiran nawa ne ya ƙare?

Amsa: Ɗan'uwana, wanda kiransa ya ƙare ba ya damuwa har ya rubuta irin wannan wasiƙa. Abin da ka kwatanta gajiya ce da kaɗaici, kuma manyan bayin Allah sun sha ta. Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, sai ga shi a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, kuma a 1 Sarakuna 19 abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Saboda haka tambayata ta farko ita ce sa'a nawa kake barci, kuma yaushe rabonka da yini guda da ba ka yi hidimar kowa ba. Da yake Lahadi ranar aiki ce ga jama'arka, Juma'a da Asabar kuma su ne ranakun da suke samun sukunin zuwa wurinka, mai yiwuwa mako yana zagayowa ba ka huta ba. Ka zaɓi rana ɗaya, Litinin ko Talata, ka sanar da dattawa, ka kashe waya har la'asar. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, a Markus 6:31, domin ko zarafin cin abinci ba su samu ba.

Abu na biyu, ka raba karatun wa'azi da karatun ranka. Mai dafa wa jama'a abinci yakan yini a gaban tukunya ya kwana da yunwa, haka ma mai wa'azi yakan buɗe Littafi kullum yana neman abin da zai faɗa wa wasu. Ka ɗauki zabura ɗaya kowace safiya, ka karanta da murya a hankali, da Hausa, harshen da mahaifiyarka ta koya maka addu'a da shi, ka kuma yi wa kanka alkawari cewa ba za ka yi wa'azi da ita ba. In kalmomin addu'a sun ƙi zuwa, zaburar ta zama addu'arka ta ranar.

Na uku shi ne mutum. 'Yan'uwanmu Katolika sun riga mu tsara wannan, domin dokarsu ta bukaci limamai su riƙa keɓewa domin addu'a da sabunta ruhu, suna kuma ƙarfafa kowane Fada ya samu mai ba shi shawara a kan rayuwarsa ta ciki. Takardar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 kan horar da limamai ta ce horon ba ya ƙarewa da naɗi, ta kuma sa gyaran mutumtaka a matsayin tushen da horon ruhaniya da na ilimi da na kiwo suke tsayawa a kai. Mu da ba Katolika ba babu abin da zai hana mu koyi da wannan. Ka nemi wani dattijon fasto a garin, ko da ba ɗarikarku ɗaya ba, ku riƙa shan jabana, wato gahawar Sudan, sau biyu a wata, ka gaya masa abin da ka gaya mini. Ka kuma faɗa wa uwargida, domin ina tabbatar maka ta riga ta ji a muryarka. Sa'an nan ka rubuta wa hukumar da ta aiko ka ka nemi hutun zuwa gida. Neman hutu ba gudun fagen fama ba ne. Idan bayan makonni kana hutawa amma baƙin cikin bai sassauta ba, barci da abinci sun ƙi, ka ga likita.

Tambaya, daga wani matashi mai koyar da makarantar Lahadi a Damazin: Baba, littattafanmu sun ƙone, Littafi Mai Tsarki ɗaya ya rage mana. Na ga almajiran halwa, wato makarantar allo, da ke kusa da mu suna rubutu a allo suna haddacewa. Laifi ne in mun yi haka?

Amsa: Ɗana, ba laifi ba ne ko kaɗan, dabara ce mai kyau, kuma Kubawar Shari'a sura 6 ta umarci a riƙa nanata maganar Allah ga 'ya'ya, a zaune da tafe, har a rubuta ta a madogaran ƙofa. Sai dai ka yi amfani da allon makaranta da alli, ko kwali da gawayi, domin kada maƙwabta su ɗauka ana kwaikwayon karatunsu don raini, kuma in akwai zumunci tsakaninku ka gaishe da malamin ka gaya masa cewa himmar ɗalibansa ce ta burge ka. Ku haddace sashe cikakke maimakon ayoyi a warwatse, ka kuma bayyana ma'ana kafin hadda. Ku fara da Zabura 23, sai Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6, sai Romawa 8, aya biyu a mako, kowane yaro ya biya wa na bayansa. Littafin ɗayan da ya rage ku naɗe shi a leda saboda damina, ku kuma rubuta sunan wanda zai kwana da shi kowane dare.